Maroko ba ta da mai, to da me take tafiya?

Nasiru Kantin Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Wani lissafi na gani ya tsaya mini a rai. A 2024 baƙi miliyan 17.4 ne suka shiga Maroko, har ta wuce Masar mai dalar Fir'auna da Kogin Nilu, ta zama ta ɗaya a Afirka wajen yawon buɗe ido. A shekarar mutanen ƙasar ba su cika miliyan 37 ba. Ba su da rijiyar man kirki, matatarsu ta Muhammadiyya ma a rufe take tun 2015. Amma su ne masu jirgin ƙasa mafi gudu a nahiyar nan. Waɗanda suka je su faɗa mana gaskiya, arziki ne na haƙiƙa ko kwalliyar hoto ce?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam Alhaji Nasiru. Kafin a kai ga kuɗi a fara duba taswira, don a nan rabin amsar take. Da yawa daga cikinmu in an ce ƙasar Larabawa sai mu hango rairayi da raƙumi. Maroko ba haka take ba. Teku biyu gare ta, Atlantika ta yamma, Bahar Rum ta arewa. Sannan duwatsu sun ratsa ta tsakiya: Rif a arewa, sai jerin Atlas guda uku, kuma a cikinsu akwai Tubkal mai tsayin mita 4,167, babu dutsen da ya kai shi a duk Arewacin Afirka. Waɗannan duwatsun su ne katangar da ta tare hamada. Iskar teku tana zuwa da ruwa ta zuba shi a gefen yamma, ƙanƙara ta taru a kan tsaunuka, in ta narke ta gangaro ta zama koguna irin su Sebu da Ummur Rabi. Shi ya sa filayen da ke tsakanin dutse da teku suke da alkama da zaitun da lemo, kuma a nan akasarin jama'a suke zaune, daga Tanja zuwa Rabat da Kasablanka. Ka tsallaka bayan dutsen kuwa sai dabino da kango.

Abu ɗaya da yake ruɗa mutanenmu: daminarsu a lokacin hunturunmu take. Ruwa yana sauka daga wajen Nuwamba zuwa Maris, watannin Yuli da Agusta kuwa rani ne ƙurmus.

Injiniya Kabiru: Allah ya ƙara ilmi Malam. Amma ni ban yarda a ce ba su da ma'adini ba. Suna da fosfat, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na abin da aka sani a duniya a ƙarƙashin ƙasarsu yake. Kamfanin gwamnati ne, OCP, yake haƙo shi a Khuribga, ya tura shi ta bututu zuwa Jorf Lasfar a bakin teku, a can a sarrafa shi. Bambancinsu da mu shi ne ba su tsaya ga sayar da ɗanyen dutse ba, taki suke sayarwa gamamme. Duk manomin da ya sayi buhun NPK a kan naira 5,500 lokacin shirin takin gwamnatin Buhari, to fosfat ɗin Maroko ya zuba a gonarsa. Yarjejeniyar ta samo asali ne daga zuwan Sarki Muhammad na Shida Abuja a Disamba 2016.

Nasiru Kantin Kwari: To ashe dai suna da nasu man, sunan ne ya bambanta.

Injiniya Kabiru: Ko kusa. Shekarun baya-bayan nan ma motoci sun sha gaban taki a kayan da suke fitarwa. Renault ta buɗe masana'anta kusa da Tanja a 2012, Peugeot ta buɗe tata a Kenitra a 2019. Motar da aka haɗa yau, cikin kwana biyu tana iya isa Faransa. Tashar jiragen ruwa ta Tanja Med da aka buɗe a 2007 ta ɗauki kwantena sama da miliyan 10 a 2024, babu kamarta a Afirka har da Bahar Rum gaba ɗaya.

Barista Halima: Injiniya, ka faɗi dalilin mana. Tsakanin Maroko da Sifaniya kilomita 14 ne kacal a mashigin Jibralta. In gari ya yi haske kana tsaye a Tanja kana hango Turai da idonka. Duk jirgin ruwan da zai shiga Bahar Rum daga Atlantika ta ƙofar gidansu zai bi. Bature ya tashi daga Paris, awa uku yana Marrakesh, a jirgi mai araha. Ka cire wannan kusancin ka gani ko Renault za ta kalle su. Ni abin da nake gudu shi ne mu riƙa cewa "su sun yi mu mun kasa" alhali Allah bai ajiye mu a wuri ɗaya ba.

Injiniya Kabiru: Barista, mashigin nan yana nan tun kafin a haifi kakanninmu. Me ya hana a gina tashar sai 2007? Kuma ai Aljeriya ma tana kallon Turai, ga mai ga iskar gas, amma baƙinta ba su kai ko kusa da na Maroko ba. Wuri yana taimakawa, na yarda. Amma sai da wani ya zauna ya ce za mu gina tasha a nan, mu ja mata titi da layin dogo, mu ba masana'antu fili a bayanta, kuma aka bi wannan tsarin shekara ashirin ba a canza ba.

Barista Halima: Ba a canza ba saboda sarki ɗaya ne tun 1999, kuma shi ne mai magana ta ƙarshe. Kana so mu yi haka?

Injiniya Kabiru: Wannan kuma wata muhawarar ce, kada ki ja ni.

Alhaji Ɗanlami Fagge: Yara, ku bar ni in sa baki, don ni ba mota na je gani ba. Mu abin da yake kai mu Maroko shi ne Fas, ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, Allah ya ƙara masa yarda. An haife shi a Ainu Madi ta Aljeriya, ya koma Fas da zama a zamanin Sarki Maulaya Sulaimanu, a can ya rasu a 1815, kuma zawiyarsa tana cikin tsohon gari. In ka shiga ranar Juma'a da yamma lokacin zikiri za ka tarar da mutanen Senegal da Mali da Nijar da Najeriya kafaɗa da kafaɗa. Hausa ma kana jin ta a lungun.

Abin da ya fi burge ni kuwa, ba ka jin baƙunta a masallacinsu. Malikawa ne irinmu. Da ruwayar Warshu suke karatu, wadda muka tashi da ita a tsangaya. Bayan Asuba da bayan Magariba sai ka ga sun yi da'ira suna karanta hizifi ɗaya baki ɗaya, ta haka suke sauke Alƙur'ani kowane wata. Ka buɗe Alƙur'aninsu ka ga fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yadda alarammomin Barno suke rubutawa. Littattafan da muka karanta a zaure ma ai da yawa daga can suke: Ashafa ta Alƙali Iyal mutumin Sabta, Dala'ilu na Jazuli wanda kabarinsa yake Marrakesh, Ajurrumiyya ta mutumin Fas.

Abu Sumayya: Baba, da girmamawa, ba a ɗaura sirdi don ziyara sai zuwa masallatai uku, hadisin sananne ne.

Malam Sabo: Abu Sumayya, wannan zaure ba na wannan ba ne, mun sha yin ta ba ta ƙare ba. A koma kan Maroko don Allah.

Abu Sumayya: Shi ke nan Malam. Amma Ƙarawiyyin kam ina son gani, masallacin da Fatima al-Fihriyya ta gina a 859, har yau ana karatu a cikinsa.

Ummi Ɗalibar Rabat: Ina wuni iyayena da yayyena. Ni a nan nake karatu, bari in ƙara da abin da nake gani. Yaya Abu Sumayya, daga Ƙarawiyyin zuwa zawiyar da Baba yake magana tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa, don haka ko ba ka so za ka wuce ta ƙofar. Tsohon garin Fas mota ba ta shiga, lunguna ne dubbai, jaki da alfadari ne suke dakon kaya har tukunyar gas. Duk wanda zai zo da tsoho ko tsohuwa ya san da hawa da gangara, kuma ya nemi masauki kusa da ƙofar gari.

Maganar jirgi mai gudu da Yaya Nasiru ya kawo, sunansa Al-Buraƙ, an buɗe shi a Nuwamba 2018. Yana kaiwa kilomita 320 a awa, Tanja zuwa Kasablanka awa biyu da minti goma, tafiyar da a da take cin kusan awa biyar. Amma ba ya zuwa Fas. Fas jirgi ne na yau da kullum, kusan awa huɗu daga Kasablanka, shi ma ba laifi, da tsafta da kujera mai lamba. Ƙarƙashin filin jirgin saman Kasablanka akwai tashar jirgin ƙasa, ba sai ka yi ciniki da mai tasi ba.

Sai harshe. Wanda ya taho da Larabcin makaranta kada ya ɗauka ya gama. In ka yi musu fusha za su gane ka, amma in suka mayar maka da Darija, Larabcinsu na gida, sai ka riƙe baki. A banki da asibiti da jami'a Faransanci ne yake aiki. Kuma ba duka ne Larabawa ba, akwai Amazigawa masu yawa, musamman a duwatsu, harshensu ya zama na hukuma a tsarin mulkin 2011, da nasa baƙaƙen daban da za ka gani a allunan hanya.

Nasiru Kantin Kwari: Ummi Allah ya ba da sa'ar karatu. Majemar nan da ake yawan ɗaukar hotonta fa, a Fas take?

Ummi Ɗalibar Rabat: Amin Yaya. Eh, Shuwara ake ce mata. Ramuka ne jere cike da rini kala-kala, masu shagunan fata suna hawar da baƙi saman bene su kalla, su ba ka ganyen na'a-na'a ka toshe hanci saboda wari. Kana saukowa kuma ta cikin shagon jaka da takalmi za ka bi.

Malam Sabo: Nan ne abin yake mini ciwo. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, suna yi wa littattafai bango da ita, kaso mai yawa fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce, majeman ƙasar Hausa suka jeme ta, ayari ya haye hamada da ita, aka sayar wa Turai daga tashoshin Arewacin Afirka, sunan wasu ya bi ta. Yau su sun riƙe majemarsu ta zama abin da ake biyan kuɗin jirgi a zo gani. UNESCO ta sa tsohon garin Fas cikin kayan tarihin duniya tun 1981. Mu je marinar Ƙofar Mata mu ƙirga ramukan da suka rage da shuni a ciki, mu zaga badala mu ga inda aka yanka aka yi shaguna. Ba fosfat ne ya hana su rushe ganuwarsu ba, ba kuma kusanci da Turai ba ne, Barista.

Barista Halima: Wannan kam na sallama maka Malam. Sai dai ka ƙara da cewa baƙo ba ya zuwa inda yake tsoron hanya.

Sadiya Mai Turare: Ni Marrakesh na je sarin kaya, kuma zan faɗi abin da ba a sawa a hoto. Filin Jami'ul Fana da daddare abin kallo ne, masu wasa da maciji, masu tatsuniya, masu gasa nama, hasumiyar Kutubiyya tana tsaye a gefe. Amma ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mai biri, kafin ka sauke ya miƙo hannu. Yaro ya ce zai nuna maka hanya, ya zagaya da kai ya kai ka shagon kawunsa. Farashin farko kuwa kada ka ko saurare shi, mu 'yan kasuwa ma sai mun dage. Man argan da ake ta yayi, na gaskiya daga yankin Sus yake wajen Agadir, kuma yana da tsada, wanda aka ce maka mai araha gauraye ne. Sannan wanda yake zaton zai tarar da gari irin Madina ya gyara tunani, akwai unguwannin da giya da gidan rawa suke a fili, kuma hutun mako Asabar da Lahadi ne, ba Juma'a ba.

Wani abu kuma, baƙar fata wani lokaci ana fara yi masa kallon mai neman tsallakawa Turai kafin a gane baƙo ne mai kuɗinsa. Ba kowa ba, na haɗu da mutanen kirki sosai, amma yana faruwa.

Usman Mai Wurno: Hajiya Sadiya kin taɓo inda yake mana zafi mu na Sudan. A Yuni 2022 a shingen Melilla, garin da Sifaniya take riƙe da shi a cikin ƙasar Maroko, aƙalla mutum 23 suka mutu suna ƙoƙarin haurawa, kuma yawancin waɗanda suka yi yunƙurin 'yan Sudan ne. Kilomita 14 ɗin da ake yabo ita ce dai take cin yaranmu.

Alhaji Ɗanlami Fagge: Allah ya jiƙansu da rahama.

Barista Halima: Amin. Kuma su kansu 'yan ƙasar ba duka ne suke cikin Al-Buraƙ ba. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 a yankin Al-Hauz ta kashe mutum kusan 3,000, akasari a ƙauyukan kan dutse masu ginin ƙasa, inda motar agaji ta kasa shiga don babu hanya. Wurin nan bai da nisa da otal-otal ɗin Marrakesh. Sannan a ƙarshen Satumba 2025 matasa suka fito zanga-zanga da sunan GenZ 212, bayan mata masu haihuwa sun mutu a asibitin gwamnati a Agadir, suna cewa ana gina filayen ƙwallo saboda gasar cin kofin duniya ta 2030 alhali asibiti da makaranta sun lalace. Kuɗin da 'yan Maroko mazauna ƙasashen waje suke aikowa gida ya haura dirhami biliyan 100 a shekara, kusan daidai da abin da yawon buɗe ido yake kawowa. Ƙasar da ta wadaci 'ya'yanta ba ta tura miliyoyinsu neman abinci waje.

Malam Sabo: Ni a ganina babbar matsalarsu ba wannan ba ce ma, ruwa ne. Na faɗa da farko cewa duwatsu ne suke shayar da su. To in ƙanƙara ba ta sauka ba fa? Sun yi fari shekara bakwai a jere har zuwa 2025. Madatsar Al-Masira, ɗaya daga cikin manyansu, ta kusa ƙafewa ƙaf. Dabbobi suka ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Abin ya kai a Fabrairu 2025 Sarki ya aiko da saƙo cewa kada jama'a su yi layya a wannan shekarar, shi zai yanka a madadinsu. Ku yi tunanin a ce a Kano an hana layya saboda babu rago. Mahaifinsa Hassan na Biyu ma ya taɓa yin haka a 1981 da 1996. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan ƙasar noma suke yi, kuma alkamar burodinsu sai sun ƙaro daga waje. Shekarar da ruwa ya yi kyau tattalin arziki ya tashi, shekarar da bai yi ba duk motocin Tanja ba sa rufe giɓin a ƙauye.

Injiniya Kabiru: Gaskiya ne, amma ba su naɗe hannu ba. A 2023 sun ja ruwa daga Kogin Sebu zuwa madatsar da take shayar da Rabat da Kasablanka. A Agadir suna tace ruwan teku ana sha ana ban ruwa da shi, ana gina wata babba a Kasablanka. Wutar da za ta tafiyar da su kuma suna nema daga rana da iska, tashar Nur ta Warzazat kaɗai megawat 580 ce.

Ummi Ɗalibar Rabat: Yaya Injiniya, abin da abokan karatuna suke ƙorafi a kai shi ne a cikin farin nan ana noma kankana a Zagora, bakin hamada, da abokado a arewa, ana lodawa Turai. Suna cewa ruwan ƙasar ake fitarwa a cikin kwali. Akwai lokacin da aka rufe gidajen wanka na hammam kwana uku a mako a wasu birane don tsimin ruwa, amma filayen wasan golf na baƙi suna nan kore shar.

Issoufou Damagaram: Sannunku da hira, tun ɗazu ina karantawa. Mu a Nijar tumatir da lemon Maroko ba baƙi ba ne a kasuwannin yankinmu, manyan motoci ne suke sauko da su ta Gargarat su ratsa Muritaniya. A Fabrairu 2023 da tumatir ya yi tsada a can sai suka tsayar da fitar da shi zuwa Afirka ta Yamma, na Turai kuwa ba a rufe shi haka ba. Wannan ya nuna maka wane ciniki ne ya fi musu daraja. Yanzu kuma tun Nuwamba 2023 Sarkinsu ya yi mana tayin hanya zuwa teku, mu da Mali da Burkina da Cadi, ta tashar da suke ginawa a Dakhla. Magana ce mai daɗi ga wanda aka rufe wa hanyar Kwatano. Amma ku duba taswira ku ga nisan Yamai da Dakhla, ku ga ƙasashen da kaya za su ratsa da halin da hanyar take ciki.

Barista Halima: Kuma Dakhla a Yammacin Sahara take, yankin da Maroko ta shiga da tattakin 1975, Polisario kuma, ƙungiyar da take fafutukar 'yancin yankin, take cewa nata ne. A kan wannan rigimar Maroko ta fice daga ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1984, ba ta dawo ba sai 2017. Najeriya ta amince da jamhuriyar Sahrawi, wadda Polisario ta ayyana, tun 1984. Duk wanda ya sauke kaya a Dakhla ya san ya sa hannu a wata magana. Mai zuwa yawo ma ya kiyaye, batun Sahara da batun Sarki ba abin hira da mai tasi ba ne.

Injiniya Kabiru: Shi ya sa nake ganin bututun gas da ake shirin ja daga Najeriya zuwa Maroko ya fi ƙarfin lissafin kuɗi kawai. Sama da kilomita 5,000 ta gaɓar teku, ya ratsa ƙasashe 13, kuɗinsa wajen dala biliyan 25. Maroko tana buƙatarsa, don kusan duk makamashinta sayowa take, kuma Aljeriya ta rufe mata gas a ƙarshen Oktoba 2021 bayan sun yanke hulɗa. Iyakarsu ta ƙasa ma a rufe take tun 1994.

Issoufou Damagaram: Injiniya, ga hanya miƙaƙƙiya ta gidanmu. In bututun Ajakuta ya iso Kano, ya shigo Nijar ya wuce Aljeriya, duka kilomita 4,000 da 'yan kai ne, kuma Aljeriya tana da bututunta da ya riga ya isa Turai. Ƙasa uku ne kawai za su zauna su yi magana, ba 13 ba.

Injiniya Kabiru: Ƙasa uku, amma wa zai tsare bututun daga Agadas zuwa iyaka? Kuma na gaɓar teku zai ba Ghana da Kodebuwa da Senegal gas a hanya, naku hamada kawai zai ratsa.

Issoufou Damagaram: Hamadar da mutane a cikinta, Injiniya, kuma su ma suna son wuta. Ku fara kawo shi Kano tukuna, sai mu ga wanda zai ja shi gaba.